Majar Kulob-Kulob na Besbol a Amurka: Ina Yaro na 13 Zai Sa Kansa?

A garuruwan Amurka da dama, daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta iyayen yara masu buga besbol ba sa nisa da wayoyinsu. Gasannin shekara sun ƙare, kulob-kulob suna shirin tantance yaran da za su ɗauka na baɗi, kuma a wannan tsakanin ne ake yawan cin karo da wata irin sanarwa a Facebook: tambura biyu kafaɗa da kafaɗa, sai bayani cewa kulob kaza da kulob kaza sun zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Za a yi alkawarin ƙwararrun kociyoyi, da zauren atisaye mai rufi, da hanyar shiga jami'a. Uba zai karanta har ƙasa, ya koma sama ya sake karantawa, bai ga amsar abin da ya dame shi ba. Ɗansa wace tawaga zai faɗa, kuma nawa za a ce ya biya?

Ga wanda bai saba da wasan ba, abu biyu kawai yake buƙatar riƙewa. Na farko, mutum tara ne ke tsayawa a fili a kowane ɓangare, don haka tawagar yara ba ta cika wuce mutum 11 zuwa 13 ba, in ta wuce haka wasu za su tsufa a benci. Na biyu, akwai mai jifa, wanda ke wurgo ƙwallo da iya ƙarfinsa wani ya doke ta da sanda, kuma hannun mai jifa yana da iyakar abin da zai ɗauka a rana. Kusan duk rigimar maja a kan waɗannan abubuwa biyu take juyawa.

Tsarin da kakanni da iyayen yaran yau suka taso a ciki shi ne lig ɗin unguwa, wanda sunan Little League ya fi fice a cikinsa. Carl Stotz ne ya kafa shi a 1939 a garin Williamsport na jihar Pennsylvania da tawaga uku kacal, kowace da ɗan kasuwar gari da ya ba da dala 30 aka yi mata riguna. Ginshiƙan tsarin biyu ne. Ɗaya taswira ce: kowane lig yana da iyakar ƙasarsa, galibi yaro ba ya bugawa sai a inda yake zaune ko inda makarantarsa take. Ɗayan kuma doka ce da ta ce duk yaron da aka rubuta sunansa sai ya shiga wasa, ya tsaya a fili na wani lokaci, ya kuma riƙe sanda aƙalla sau ɗaya, ko da kuwa shi ne koma-baya a tawagar. Kociyoyi iyaye ne 'yan sa-kai, masu sayar da abinci a bakin fili uwaye ne, filin kuma galibi na hukumar gari ne.

Kada a ɗauka taswirar nan wasa ce. A 2014 tawagar Jackie Robinson West daga kudancin Chicago, wadda duk yaranta baƙar fata ne, ta zama zakaran Amurka a gasar duniya ta Little League, har Shugaba Obama ya karɓe su a Fadar White House. A Fabrairun 2015 aka ƙwace kambun, saboda an gano manya sun faɗaɗa taswira don shigo da yara daga wajen iyaka. Abin da ya jawo musu wannan hukunci, wato tattaro gwanaye daga ko'ina a zuba su a tawaga ɗaya, shi ne ainihin sana'ar ɗaya tsarin, kuma a can yabo ake samu a kansa.

Wannan ɗaya tsarin Amurkawa suna kiransa da sunan da ke nufin ƙwallon tafiye-tafiye. Bari mu ce masa kulob ɗin bulaguro. Ba shi da taswira. Yaro zai zo gwaji, in ya burge a ɗauke shi, iyaye su biya, tawaga ta riƙa bin gasannin ƙarshen mako daga gari zuwa gari, wani lokaci daga jiha zuwa jiha. Babu wanda ya yi wa yaro alkawarin zai buga. Ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen wannan harka shi ne East Cobb da ke Marietta a jihar Georgia, wanda ke nan tun tsakiyar shekarun 1980, kuma ta nan Jason Heyward ya biyo kafin ya zama ƙwararre. Masu shirya gasanni ma sun girma tare da shi: akwai USSSA mai hedkwata a Florida, akwai Perfect Game da aka kafa a Cedar Rapids ta jihar Iowa a 1995, wanda ke auna gudun jifar yaro da saurin ƙafarsa, ya zuba su a shafin intanet, ya jera yaran ƙasar gaba ɗaya daga na ɗaya zuwa ƙasa.

Har fili da sanda sun bambanta. A Little League na 'yan shekara 12, tsakanin tasha da tasha, wato wuraren da wanda ya doki ƙwallo ke bi da gudu yana takawa, ƙafa 60 ne, mai jifa kuma yana tsayawa a nisan ƙafa 46. A gasannin bulaguro yara masu wannan shekaru suna buga 70 da 50, kuma an yarda musu su yi dabarun gudu irin na manya. Sai da Little League ta ƙirƙiro nata rukunin mai wannan awo a 2013 don ta riƙe yaranta. Sandar da USSSA ta amince da ita ta fi wadda Little League ta koma amfani da ita tun 2018 tura ƙwallo, don haka yaron da ke buga duka biyun sanda biyu zai saya, kuma mai kyau ɗaya takan kai dala 400. Uban da ya ga ɗan maƙwabcinsa yana buga wasa irin na talabijin, nasa kuma yana jiran yaron da bai iya riƙe safar hannu ba ya gama nasa rabon, ba sai an yi masa dogon wa'azi ba kafin ya ciro katin banki.

To me ke sa waɗannan kulob-kulob haɗewa? Babban dalili wanda ba a cika rubutawa a sanarwa ba shi ne yaran ne suka ragu. A 2007 an haifi jarirai kusan miliyan 4.3 a Amurka, a 2023 kuwa wajen miliyan 3.6. Su kuma kulob-kulob ƙaruwa suka yi ta yi, domin duk uban da ya ji haushin koci yana iya tara yara goma sha ɗaya, ya buga riguna, ya yi rajistar gasa, shi ke nan ya zama mai kulob. Masunta sun yi yawa, kifi ya yi kaɗan. Sai kuma kuɗin haya. A jihohin arewa, inda dusar ƙanƙara ke rufe fili watanni, kulob ɗin da ba shi da zaure mai rufi da keji-kejin koyon duka ba zai riƙe yara ba, kuma hayar irin wannan sito da wutarsa da ɗumamarsa sun fi ƙarfin kulob mai tawaga shida. Mai tawaga ashirin ne zai iya. Ga albashin kociyoyi, ga inshora, ga neman fili. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan gaskiya ne, kuma ba na cikin masu ganin kowace maja makirci ce.

Matsalar ita ce kalma ɗaya ake amfani da ita a kan abubuwan da ba su da haɗi. Idan lig biyu na unguwa suka haɗe, yawanci rauni ne ya haɗa su. Gwanayen yara sun tafi bulaguro, sun kuma tafi da iyayensu, waɗanda su ne dā ke koyarwa, su share fili, su zauna a kwamiti. Lig ɗin da ke da tawaga takwas ya koma uku, kuma ba a yin gasa da tawaga uku, kullum fuska ɗaya za a riƙa gani. Sai a nemi maƙwabta, a zana sabuwar taswira, a kai wa hedkwatar Little League ta amince. Irin wannan majar ceton rai ce, kuma a mafi yawan lokuta ta fi rufe ƙofa. Abin da ake asara shi ne kusanci, domin yaron da dā yake hawa keke zuwa fili yanzu sai an kai shi a mota, wanda uwarsa ke aikin yamma kuma ya zauna a gida.

Majar kulob biyu na bulaguro kuwa wani lissafi ne daban, kuma a nan nake so mu ɗan zauna. A ɗauka, a matsayin misali, gari ɗaya yana da kulob biyu, kowanne da babbar tawagarsa ta 'yan shekara 12 mai yara goma sha biyu. Yara ashirin da huɗu ke nan da ke iya cewa suna babbar tawaga. Ranar da aka yi maja, babbar tawaga ta zama ɗaya. Goma sha biyu za su sa riga mai lakabin ƙasa ko na fitattu, sauran goma sha biyun, daga yaro na 13 zuwa ƙasa, su gangara tawaga ta biyu, su kuma su turo na can zuwa ta uku. Ba a faɗi haka ƙarara, launi ake ba su: wannan baƙa, waccan ja, waccan fara. Amma yaro ɗan shekara 12 ya san ma'anar launinsa tun kafin ya fito daga mota. Babbar tawagar za ta yi ƙarfi sosai, ta ci kofuna, hotunanta su cika shafin kulob. Kuɗin da iyayen tawaga ta uku ke biya kuma ba ya yin nisa da na ta ɗaya, alhali koci mafi gogewa da lokacin atisaye mafi daɗi duk suna sama. A wasu kulob-kulob ma gwanin yaron da ake tsoron a rasa ana yi masa rangwame ko a ɗauke masa kuɗin gaba ɗaya, wato na ƙasa ne ke ɗauke da na sama. Kashin dankali ke nan.

Akwai wani abu kuma da ke ɓacewa ba a lura, wato zaɓi. Lokacin da kulob biyu ke gari, uban da aka ɓata wa rai yana da inda zai koma, kuma kowane mai kulob ya san haka, don haka yana taka-tsantsan wajen ƙara kuɗi da wajen wulaƙanta yaro. Bayan maja, wanda bai gamsu ba sai ya tuƙa mota sa'a guda zuwa wani gari sau uku a mako, ko ya haƙura. Manyan kamfanoni in za su haɗe akwai hukumomin hana babakere da ke duba lamarin. Kulob biyu na yara a ƙaramin gari ba su kai girman da wani zai waiwaye su ba, duk da cewa a wurin iyalan garin babakeren cikakke ne.

Kociyoyi ma abin yana shafarsu. Kulob biyu shugabanni biyu ne, da salon koyarwa biyu, da tsohuwar gaba ta shekaru. Wanda ya ga an mayar da shi mataimaki a gidan da ya gina yakan fice da yaransa ya kafa sabon kulob kafin shekara ta zagayo. Mai bin siyasar jam'iyyu ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Sai nau'i na uku, wanda ake kira haɗin gwiwa amma ya fi kama da rigar aro. Akwai manyan sunaye, kamar Canes da ya faro daga jihar Virginia, waɗanda yanzu ake samun rassa masu ɗauke da sunansu a jihohi da yawa. Kulob ɗin gari zai ajiye sunansa na shekara da shekaru, ya ɗauki babban suna da tambari da riguna. Washegari koci ɗaya ne, fili ɗaya ne, yaran ma su ne, hula ce ta canza. Abin da aka saya shi ne fatan cewa idan kocin jami'a ya ga sunan a jadawalin gasa zai tsaya ya kalla, da kuma damar cewa yaro ɗaya ko biyu daga reshen za a kira su babbar tawagar ƙasa. Ga waɗannan ɗaya ko biyun, cinikin ya yi riba. Sauran sun sayi sababbin riguna.

A can ƙololuwa kuma akwai masu manyan kuɗi, waɗanda ba tawaga suke nema ba, wurin da tawagogi ke zuwa kashe kuɗi suke saye. A farkon 2023 Josh Harris da David Blitzer, attajiran da ke da hannun jari a kulob ɗin ƙwallon kwando na Philadelphia 76ers, suka zuba kuɗi a Ripken Baseball, kamfanin da tsohon ɗan wasa Cal Ripken Jr. da ƙaninsa Bill suka gina da filayen gasa a Aberdeen ta Maryland da Myrtle Beach da Pigeon Forge, suka haɗa shi ƙarƙashin inuwa ɗaya da Cooperstown All Star Village na jihar New York, inda tawagogin 'yan shekara 12 ke zuwa gasar mako guda. A 2024 suka sa wa tarin kadarorin suna Unrivaled Sports, a 2025 kuma kamfanin sayar da kayan wasanni na Dick's Sporting Goods ya jagoranci zuba masa jarin dala miliyan 120. A 2023 ɗin dai aka sayar da makarantar wasanni ta IMG Academy da ke Florida a kan dala biliyan 1.25. Masu irin wannan kuɗi ba sa zuba shi don son yara su motsa jiki. Sun lura cewa iyaye za su rage komai a gida kafin su ce wa yaro ba za shi gasa ba. Cibiyar Aspen ta ƙiyasta cewa a 2024 matsakaicin iyali ya kashe dala 1,016 a kan babban wasan yaro ɗaya, ƙarin kashi 46 cikin ɗari a kan 2019, kuma wannan matsakaici ne da ya haɗa har da masu buga lig mai araha. Iyalin da ke bulaguro da gaske dubbai yake kashewa.

Wannan na sama shi ke matsa wa na ƙasa lamba ya haɗe. Mai shirya gasa ya fi son hulɗa da kulob ɗin da zai kawo masa tawaga talatin a kan mai kawo uku. Kamfanin riguna da sanduna ya fi ba babban kulob rangwame. Ƙaramin kulob yana kallo ana rabon fili mai kyau da lokaci mai kyau ba da shi ba, sai ya ga gara ya shiga inuwar wani.

Me ake sayar wa iyaye da duk wannan? Tallafin karatun jami'a, galibi. Kuma a nan lambobin ba su da daɗin ji. Shekaru da dama dokar hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta taƙaita tallafin besbol a babban rukuni zuwa 11.7 ga kowace tawaga, a raba wa 'yan wasa kusan talatin, kowa ya samu gutsure, yayin da ƙwallon ƙafa irin ta Amurka ke da cikakken tallafi 85. A 2025 aka cire wannan iyaka ga jami'o'in da suka shiga sabon tsari, amma aka taƙaita yawan 'yan tawaga zuwa 34. Wato jami'a mai kuɗi za ta iya biya wa kowa, amma kujerun sun ragu, kuma babu dokar da ta tilasta wa jami'a mara kuɗi ta biya. Ita kanta NCAA tana cewa kusan kashi 2 cikin ɗari ne na 'yan wasan sakandare ke samun tallafin wasanni. Ƙofar zama ƙwararre ma ta ƙara tsukewa: zaɓen sababbin 'yan wasa na babban lig ɗin ƙwararru, wato MLB, ya sauko daga zagaye 40 zuwa 20 tun 2021, ƙananan kulob-kulob da ke renon 'yan wasa kuma an rage su daga 160 zuwa 120. Tun 2023 ma an hana kociyoyin babban rukuni tuntuɓar yaro kafin 1 ga Agusta na shekarar da zai shiga ajinsa na biyun ƙarshe a sakandare. Duk wanda ya ce wa uban yaro ɗan shekara 10 cewa maja za ta sa jami'o'i su ga ɗansa, romon baka yake yi masa.

Inda nake ganin babban kulob zai iya yin alheri na gaske shi ne batun hannun mai jifa, in ya ga dama. Tun 2007 Little League ke ƙirga jifa: ɗan shekara 11 ko 12 ba ya wuce 85 a rana, in kuma ya kai 66 sai ya huta kwana huɗu. Gasar bulaguro ta ƙarshen mako tana iya zama wasa biyar ko shida a kwana biyu, da yara goma sha ɗaya, kuma koci yana son kofi. Ga kuma yaron da ke buga wa tawaga biyu, kowane koci bai san abin da ɗayan ya sa shi ba. Sakamakon yana asibiti. Tiyatar gyaran jijiyar gwiwar hannu, wadda Dakta Frank Jobe ya fara yi wa ɗan wasa Tommy John a 1974 har ta ɗauki sunansa, dā ta ƙwararru ce. Wani bincike da aka buga a 2015 ya nuna fiye da rabin waɗanda aka yi wa ita tsakanin 2007 da 2011 a bayanan da aka duba 'yan shekara 15 zuwa 19 ne. A 2015 ɗin ne tsohon mai jifa John Smoltz, ranar da ake karrama shi a zauren gwarazan besbol, ya yi amfani da jawabinsa ya roƙi iyaye su daina ɗaukar tiyata a shekara 14 ko 15 a matsayin abin da aka saba. Shawarar MLB da hukumar besbol ta ƙasa ita ce mai jifa ya huta daga gasa aƙalla wata huɗu a shekara. Kulob mai yara da yawa yana da masu jifa da yawa, yana iya ɗaukar mai kula da lafiyar jiki, yana iya ajiye rajista ɗaya ta jifar kowane yaro. Sai dai shi ne kuma ke da hayar zaure ta wata goma sha biyu a wuyansa, kuma zauren da babu yara a cikinsa a watan Disamba ba ya biyan kansa. Likita na cewa a huta, mai gida na cewa a kawo haya.

Idan aka zo kan tattalin arzikin gari, masu goyon bayan wannan harka suna da abin nunawa. Garin Westfield da ke arewa da Indianapolis ya buɗe Grand Park a 2014, eka 400 da filayen besbol 26, kuma otal-otal da gidajen abinci sun biyo baya. Garuruwa da yawa sun ga haka sun ci bashi sun gina nasu. Amma a tambaya, kuɗin daga ina suke fitowa? Daga aljihun iyalan wasu garuruwan. Dalar da dā za a kashe a shagon unguwa ranar Asabar yanzu ana kashe ta a otal mai nisan sa'a huɗu, kuma gasanni da yawa suna da sharaɗin cewa sai tawaga ta kwana a otal ɗin da masu gasar suka zaɓa, inda suke da nasu kason. Uwa za ta biya kuɗin ƙofa don ta kalli ɗan da ita ta biya wa kuɗin shiga gasar. Garin da ke karɓar baƙi yana samu. Garin da ke tura yara, wanda shi ne mafi yawan garuruwa, yana kallon filinsa babu kowa ranar Asabar. Maja tana ƙara wannan, domin tawagar da ta tattare gwanayen gari ba ta da abokin karawa a kusa, dole ta yi nisa kafin ta samu daidai da ita.

Wanda aka bari a baya kuwa an san shi. Andrew McCutchen, wanda ya zama gwarzon ɗan wasan National League, ɗaya daga ɓangarori biyu na MLB, a 2013 da Pittsburgh Pirates, ya taso a ƙaramin garin Fort Meade na Florida. Bayan an ƙwace kambun yaran Chicago ya yi rubutu yana bayyana cewa iyayensa ba su da halin kai shi gasannin nesa, sai da wasu kociyoyi suka ɗauki nauyinsa, kuma yaro talaka mai baiwa in bai samu irin wannan mutumin ba babu mai ganinsa. A farkon shekarun 1990 baƙaƙen fatar Amurka sun kai kusan kashi 18 cikin ɗari na 'yan wasan MLB, a 'yan shekarun nan suna wajen kashi 6. A wasannin ƙarshe na cin kofin MLB na 2022 tsakanin Houston da Philadelphia babu baƙar fata ko ɗaya haifaffen Amurka, karo na farko tun 1950. Dalilan suna da yawa, ba za a ɗora su duka a kan kulob-kulob na bulaguro ba, amma tsada tana ciki. MLB ta san da haka, shi ya sa take riƙe da shirin RBI na farfaɗo da wasan a unguwannin marasa ƙarfi, wanda John Young ya faro a Los Angeles a 1989, ta kuma buɗe makarantar horo kyauta a Compton a 2006. Irin McCutchen ma a yau babban kulob zai iya ɗaukarsa kyauta, domin gwani talla ne. Wanda ba shi da mai ɗauka shi ne yaron da bai yi fice ba tukuna, ɗan shekara 11 da tsawonsa bai zo ba, wanda lig ɗin unguwa ne kawai zai ba shi sanda ya jira shi ya girma. Besbol wasa ne da jiki ke yanke hukunci a makare, kuma tantancewa a shekara 9 tana zaɓar wanda ya riga tsaransa girma ne kawai.

Don haka idan sanarwar maja ta fito, ni takardar da zan nema ita ce jadawalin rabon filaye na hukumar gari. Filayen nan da harajin kowa aka gina su. Garuruwa da yawa suna ba da fifiko ga ƙungiyar da mafi yawan yaranta mazauna garin ne, kuma wadda ba ta korar kowa. Kulob ɗin da ya haɗe yana zuwa da tawaga ashirin ko talatin, da kuɗin haya a hannu, wani lokaci da tayin zai shimfiɗa ciyawar roba ya kafa fitilu da kuɗinsa in aka ba shi filin na shekara goma. Kansilan da ke fama da ƙarancin kasafi yana jin wannan tayi da kunne biyu. A ɗaya gefen teburin akwai shugaban lig ɗin unguwa, ɗan sa-kai da ya taso daga wurin aiki, da yara ɗari biyu waɗanda rabinsu ba su taɓa cin kofi ba. Za a yi zaman ne da daddare a tsakiyar mako, cikin sanyin Janairu ko Fabrairu, a ɗakin taron da kujerunsa suka fi mutanensa yawa. A nan ake yanke wanda zai samu fili mai fitila da ƙarfe shida na yammacin Talata a watan Afrilu, da wanda za a ba ƙarfe takwas da rabi a filin bayan makaranta, wanda ruwa ke kwanciya a cikinsa.